Kabari Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Bu Ningrum,

Ki taimake ni da shawara, don na kai inda dabarata ta ƙare. Shekarata saba'in da huɗu, ko da biyar, ban taɓa neman shawarar kowa ba, balle ta macen da ban taɓa gani ba. Ban yi makaranta ba. Mai rubuta wannan maƙwabcina ne, Darmaji, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu kafin gwiwoyinsa su gaji. Shi yake karanta mana filinki na jarida duk Lahadi a rumfar mai kofi. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara min magana, kuma kada ya sa sunana.

Ni mutumin Jatiwungu ne. Kada ki neme shi, yana ƙarƙashin ruwa. Shekara shida ke nan da aka tare kogi aka yi madatsa da kuɗin wani babban banki na ƙasashen duniya, irin waɗanda ake cewa na raya ƙasa ne. Aka kwaso mu aka zube a kan tudun nan, inda ƙasa ja ce, rogo kaɗai ke yarda da ita. Gonar shinkafata, da itatuwan kwakwa goma sha ɗaya da ubana ya dasa, da masallacin da na ɗauko wa duwatsu a kaina, duk kifi ne ke yawo a kansu. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Wannan na haɗiye shi, ko da yake har yau bai wuce maƙogwaro ba.

Matata Tumirah ta rasu shekara biyu kafin ruwan. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma ita kaɗai ce ke iya ce min in yi shiru in yi. Na binne ta a maƙabartarmu, kabari na uku daga bishiyar kamboja, ta wajen katangar duwatsu, na bar wuri a gefenta don kaina. Kin san kaburburanmu na ƙauye. Itace biyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ba suna ba rubutu. Wa zai karanta? Kowa ya san nasa.

Da maganar tashi ta zo, ni na ƙi. Mu goma sha biyu muka ƙi, kuma ba na nadamar wannan ko kaɗan. Wanda ya fara sa hannu a duk ƙauyen shi ne Sakiman, ƙanen matata, wanda na koya wa riƙon garma. Yanzu gidansa ne a bakin titi, da shagon sayar da man babur. A gaban jama'a ya ce min, "Kang, yayana, kai ko dutse ne ruwa zai rufe ka. Ka zo mu tafi tun muna da ƙafa." Na ce masa wanda ya sayar da ƙasar da aka binne uwarsa ba shi da bakin yi min wa'azi. Tun ranar ban ƙara yi masa magana ba. A masallaci idan ya tsaya dama, ni hagu.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Darmaji ma yanzu yake jin sa, ga shi ya ajiye alƙalami yana kallona. Rubuta kawai.

A wurinmu ba a ɗaga mamaci sai ɗan'uwansa ya tsuguna a kansa, ya kira sunansa, ya nemi izini, ya gaya masa za a kai shi sabon gida. Kuma na yi imani ba wanda zai sako ruwa yana sane da akwai Musulmi kwance a wurin. Sai na yi tunanina na tsoho marar karatu. Na ce idan masu ƙidayar kaburbura ba su ga kabarinta ba, ba za su ɗaga ta ba. Sai a ranar ƙarshe in miƙe in ce saura mutum ɗaya a ƙasa, kuma ni mijinta ban ba da izini ba. Ita za ta zama turken da zai riƙe ƙauyen. Wata rana da tsakar rana, kowa yana gona, na je na tumɓuke itatuwan nan biyu, na baje tudun da fartanya, na watsa busassun ganye a kai. Har na ce mata, "Ki yi haƙuri, Mirah, na kwana kaɗan ne."

Bayan sati uku muka tafi babban garin gunduma mu goma sha biyu, muka zauna a ƙofar ofishi. Aka tafi da mu don wai a yi mana tambayoyi, aka riƙe mu kwana biyar. Da na dawo, an gama. An kawo masu haƙa daga wani lardi, sun tone maƙabartar, sun tafi, an zagaye wurin da waya an sa masu gadi. Aka ce kabari ɗari huɗu da goma sha biyu aka ɗaga, har da ashirin da uku marasa alama da aka gano ta hanyar soka ƙarfe a ƙasa. Waɗannan ba wanda ya zo ya ce nasa ne, sai aka jera su a ƙarshen sabuwar maƙabarta, aka kafa musu lambobi.

Da a ranar na buɗe baki na ce ga abin da na yi, wataƙila da an duba. Ban buɗe ba. Na ce wa raina ai tana cikin ashirin da ukun. Kunya ce, Bu, ba wani abu ba. Mutumin da ya zagi kowa kan sayar da matattu, ya zo ya ce shi ya ɓatar da tasa? Bayan sati biyu ruwa ya zo.

'Yarmu ɗaya ce, Warsini. Lokacin tana Hong Kong tana jinyar wata tsohuwa. Da ta dawo bayan shekara, ko jakarta ba ta kwance ba ta ce, "Pak, kai ni wajen Simbok." Uwarta take nufi. Na kai ta. Muka tsaya gaban lambobin nan, tana kallona, idonta ya riga ya cika. Sai hannuna ya nuna lamba goma sha bakwai, don kawai akwai 'yar inuwa a wurin. Na ce, "Ga ta nan, Nduk, 'yata. Mai haƙan da kansa ya gaya min." Ta faɗi a kai tana kuka. Shekara biyar ke nan, duk watan Sha'aban idan aka fita nyadran, sharar kaburbura kafin azumi, ita ke cire ciyawar goma sha bakwai, ta zuba furanni da ruwa, ta zauna tana ba kabarin labarin jikokin Tumirah. Ni ina tsaye a baya kamar ɓarawo. Sakiman yakan zo shi ma, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuba fure a kabarin ba. Sai ya gama da na iyayensa ya gangara bakin ruwa shi kaɗai ya tsaya can. Kin ga irin rainin da yake yi wa 'yar'uwarsa.

Bara wani malamin makaranta ya ce min ai bankin nan ba ya ba da kuɗi sai an rubuta komai, har taswirar tsohuwar maƙabarta da lambar kowane rami da inda aka kai shi. Na ce to shi ke nan. Ba na karatu, amma a nuna min zanen wurin nan, da bishiyar da katangar, da yatsa zan nuna inda take. Idan akwai lamba a wurin, na san kabarinta. Idan babu, na san tana cikin ruwa. Minti ɗaya ya ishe ni.

Na je ofishin gunduma, suka ce aikin na wata ma'aikatar gwamnati ne. Ma'aikatar ta ce kamfanin da ya yi rahoton aikin an rufe shi, takardu suna wajen banki. Na ja Darmaji, na ce masa tabbatarwa kawai nake so in yi, muka hau bas har Jakarta, sa'a goma sha ɗaya. Mai gadi ya dubi silifas ɗina, ya kira ni kaka da yarenmu, ya ce, "Mbah, nan ba bankin ajiya ba ne." Na ce, "Na sani, ɗana, amma sun ajiye min matata." Bai yi dariya ba, amma ya kira wata yarinya ta sauko. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da ladabi. Ta ba mu ruwa mai sanyi, ta ce bankinsu ba ya ɓoye komai, duk yana intanet, kowa a duniya yana iya gani. Na ce, "Ni ina cikin duniyar?" Ta ba ni ƙaramin kati mai adireshin intanet ɗin.

Muka dawo, aka bugo mana rahoton a shagon kwafi. Shafi ɗari uku da wani abu, da Turanci. Kin san me na gani a bangonsa? Ni. Hotona, a taron farko, na ɗaga hannu sama. Malamin ya ce abin da aka rubuta a ƙasa shi ne jama'a suna ba da gudummawa a tattaunawa. Wallahi tsine musu nake yi a lokacin. Ya yi kwana huɗu yana dubawa, ya samo inda aka ce taswirar maƙabarta tana rataye na tara. Muka juya ƙarshe. Na takwas, sai na goma. A wurin na tara layi ɗaya ne: ba a fitar da shi ba.

Darmaji ya rubuta wa bankin. Bayan wata biyu suka ce takardar ta gwamnati ce, sai da yardarta. Gwamnati ta ce ta banki ce. Ya sake rubutawa. Amsa ta biyu ita ce ta kwantar da ni kwana uku. Wai ratayen yana ɗauke da sunayen mamata da na danginsu, don haka an rufe shi don kare sirrin iyalai. Ni ne iyalin, Bu! Sun manna fuskata a bango duniya tana kallo ba su tambaye ni ba, amma ramin da na haƙa wa matata da hannuna ya zama sirrin da ake kare ni daga gare shi. Ba kuɗi nake nema ba. Ba na cewa a fasa madatsa. Shafi ɗaya.

Abin da ya sa na ce dabarata ta ƙare shi ne, Warsini ta yi odar dutsen da za a ɗora wa kabarin, irin mai sheƙi, da sunan uwarta a sassaƙe, da ranar rasuwa. Ta kuma roƙi mai kula da maƙabarta ya bar min wurin da ke gefe. Jiya ta ce min, "Pak, ka daina wahalar da kanka da mutanen Jakarta, ai mun san inda take. Ko so kake su ba ka wata sabuwa?" Tana dariya. Saura sati biyar Sha'aban. Mai sassaƙa yana jiran ta kai masa rubutun.

Idan na yi shiru, za a rubuta Tumirah a kan baƙo, kuma a kwantar da ni gefen wanda ban sani ba har tashin ƙiyama. Idan na faɗa, na kashe mata uwa sau biyu, kuma ba ni da wani kabarin da zan nuna mata a madadinsa. Na so in sami taswirar tukuna, in zo mata da gaskiya da magani tare. Sun hana ni. Yaya ake tilasta wa irin waɗannan mutane su buɗe takarda? Kuma kada ki ce in je wajen Sakiman.

Naki,
Tsohon da ruwa ya ci garinsu


Mbah,

Na karanta wasiƙarka sau uku. Allah ya jiƙan Bu Tumirah, a duk inda take kwance. Ka yi tambaya ɗaya a fili, ka ɓoye ɗaya a ƙarƙashinta. Zan fara da ta fili.

Kana da gaskiya a kan bankin, amma ba duka ba. Dokar kare sunayen mutane ba mugunta ba ce. Akwai wuraren da aka bi irin waɗannan jerin sunaye aka cutar da waɗanda suka ƙi tashi, kuma kai ka san yadda kwana biyar a hannu yake. Inda suka yi kuskure shi ne rufe rataye gaba ɗaya saboda wani sashe nasa, da jefa ka tsakanin ofishi biyu, da kiran shafi ɗari uku na Turanci bayani ga mutanen da aka tayar. Hoton kuma, ka nemi a cire shi, haƙƙinka ne ka nema.

Amsar da suka ba ka ba ita ce ta ƙarshe ba. Yawancin irin waɗannan bankuna suna da rubutacciyar ƙa'ida ta ba da bayani, kuma a cikinta akwai hanyar ɗaukaka ƙara idan an hana ka. Sau da yawa tana da wa'adi, don haka Pak Darmaji ya duba kwanan watan wasiƙar ƙarshe yau, ba gobe ba. Idan wa'adin ya wuce, ku shigar da sabuwar buƙata. Wannan karon kada ku nemi rataye na tara. Ku nemi zanen tsohuwar maƙabarta kaɗai, da lambobin ramuka, a shafe duk wani suna. Idan an cire sunaye, hujjar sirri ta faɗi. Ku ƙara da cewa idan ba za a ba ku kwafi ba, kun yarda a nuna muku a ofishi ku duba ku tashi. Ku rubuta da harshenmu, ku ajiye kwafin komai. A lokaci guda ku kai ƙorafi hukumar bayanai ta lardi a kan ma'aikatar, domin takardar aikin gwamnati ba ta ɓacewa don kamfani ya rufe. Ofishin taimakon shari'a na kyauta zai iya tsara muku duka biyun. Idan duk an toshe, irin waɗannan bankuna suna da sashe na daban mai karɓar koken waɗanda aiki ya cutar.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Akwai kabari ashirin da biyu bayan wanda ka nuna, kowanne ɗan wani ne. Wasiƙar gida goma ta fi ta tsoho ɗaya wuyar jefawa a aljihun tebur.

Sai dai ba zan yaudare ka ba. Wannan hanya ta watanni ce, ba ta sati biyar ba. Kuma taswirar tana iya zuwa ka ɗora yatsa ka tarar babu lamba a wurin. Ka shirya wa wannan ma.

Ka ce kada in ambaci Sakiman. Zan ambace shi. Mutumin da, da alama, yake wurin ranar da aka tone maƙabarta, wanda ya san inda aka binne yayarsa, wanda bai taɓa zuba fure a goma sha bakwai ba amma yake gangarawa bakin ruwa kowace shekara, ni ban ga raini a nan ba. Na ga wanda yake zargin wani abu, ko ya san wani abu, kuma ya yi shekara biyar yana kallon ka ka nuna wa 'yarka kabarin da ba shi ba bai tona ka ba. Ina iya yin kuskure, ban san shi ba. Amma kafin ka sake hawa bas na sa'a goma sha ɗaya, akwai tafiyar minti goma da ba ka yi ba. Ba sai ka yarda ya yi daidai da ya sa hannu ba. Tambaya ɗaya za ka yi masa.

Yanzu ta ƙarƙashin. Ka ji zafi da aka ce an rufe maka takarda don a kare ka. Mbah, shekara biyar ke nan kana kare Warsini ta wannan hanyar. Na fahimci abin da ya ɗaga hannunka a ranar. Uba ne ya ga 'yarsa za ta faɗi, ya miƙa mata abin dafawa. Abin da ka yi da fartanya ma ba ƙiyayya ba ce, ka so riƙe garinku da abu mafi tsada da kake da shi, lissafin ne bai fita ba. Amma ita ba yarinya ba ce. Mace ce da ta yi jinyar uwar wasu a ƙasar wasu, kuma Tumirah uwarta ce kamar yadda take matarka. Tana da haƙƙin sani, ko da babu magani a hannunka. Kuma idan ka tafi da wannan magana a cikinka, wata rana taswirar ko Sakiman za su gaya mata, a lokacin da ba ka nan balle ta tambaye ka dalili.

Ka gaya mata cikin satin nan, kafin ta kai rubutun. Ku biyu kaɗai, da rana, a zaune. Ka fara daga itatuwan da ka tumɓuke, kada ka fara daga banki, kuma kada ka kare kanka. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta yi maka magana ba. Ka jure, kai da ka iya shiru na shekara shida. Idan ta tambaye ka furannin da ta zuba, ka ce mata addu'ar da ta yi da sunan uwarta ta san hanya, ba ta bin lamba, kuma akwai wani bawan Allah a goma sha bakwai da ba shi da kowa, ya sami mai share masa ciyawa shekara biyar.

Dutsen ya jira. Mai sassaƙa ya ajiye shi ba rubutu har a san gaskiya, ko ku yanke shawara tare inda za a kafa shi. Daga nan wasiƙar da za ta je banki ta ɗauki hannu biyu, na miji da na 'ya. Na fi zaton za ka ga ta fi ka iya faɗan.

Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyar Warsini, ya nuna muku Sha'aban lafiya kuna tsaye wuri ɗaya.

Bu Ningrum